Yadda Ake Auna Makomar Finafinan Sadaukan Marvel Daga Alƙaluma da Alamu

A watan Nuwamba na 2023 kamfanin Marvel Studios ya saki fim ɗin The Marvels, wanda ya tara kimanin dala miliyan 206 a gidajen sinima na duniya baki ɗaya, adadi mafi ƙanƙanta da wani fim na wannan jeri ya taɓa samu, kuma nan take masu sharhi suka fara haƙa wa finafinan sadaukai kabari. Watanni takwas kacal bayan haka, a Yulin 2024, kamfanin ya fito da Deadpool & Wolverine, wanda ya kwashi fiye da dala biliyan 1.3, sai waɗanda suka yi jana'iza jiya suka koma suna shelar cewa gawa ta tashi. Duka ɓangarorin biyu sun yi gaggawa, domin kowannensu ya ɗauki lamba guda ya gina hukunci a kanta. Mai son ya san inda waɗannan finafinai na sadaukai masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam suka dosa, irin su Spider-Man da Thor da Black Panther, yana bukatar ya koyi karanta alamu da dama tare, kuma ya san wadda ta fi nauyi a cikinsu.

Abin da za ka fara yi shi ne ka daina ɗaukar jimillar kuɗin tikiti a matsayin ribar kamfani. Kuɗin da mai kallo ya biya a bakin ƙofa rabawa ake yi tsakanin gidan sinima da mai fim, kuma rabon ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: a Amurka kamfani yakan samu kusan rabi ko abin da ya ɗan haura, a sauran ƙasashe kasonsa yakan yi ƙasa da haka, a ƙasar Sin kuwa finafinan waje sukan tashi da kimanin kashi 25 cikin 100 ne kawai. Ban da wannan, kuɗin talla ba ya cikin kasafin da ake ambata a jaridu, alhali a manyan finafinai yakan kai dala miliyan 100 ko fiye. Saboda haka masu bin harkar suke amfani da wani ƙiyasi mai sauƙi, wato fim ya samo ninki biyu da rabi na abin da aka kashe wajen shirya shi kafin a ce ya mayar da uwar kuɗi. Idan an shirya fim da dala miliyan 200, ke nan sai ya tara wajen miliyan 500 kafin a fara maganar riba. Da wannan ma'auni za ka gane dalilin da ya sa fim zai iya tara dala miliyan 400, adadin da mai ƙaramin fim ba ya ko mafarkinsa, amma a cikin ofisoshin Disney, uwar kamfanin Marvel, fuskoki su kasance a murtuke.

Matsalar ita ce kamfanoni ba sa son faɗin ainihin abin da suka kashe. Akwai wata ƙofa da 'yan jarida suke leƙawa ta cikinta, kuma kai ma kana iya amfana da rahotanninsu: finafinan da aka ɗauka a Birtaniya sukan kafa wani ƙaramin kamfani na musamman domin su samu rangwamen haraji, kuma doka ta wajabta wa irin wannan kamfani ya miƙa bayanan kuɗinsa, waɗanda kowa yana iya dubawa. Sau da yawa adadin da ya fito daga waɗannan takardu yakan zarce wanda aka yi ta yaɗawa lokacin fitar fim. Idan ka ga lambobi biyu sun saɓa, ka riƙi ta takardar hukuma.

Yanzu ga aikin da na fi ba muhimmanci, kuma ba ya bukatar komai sai takarda da alƙalami da ɗaya daga cikin shafukan da ke tattara alƙaluman sinima, kamar Box Office Mojo ko The Numbers. Ka ja layi uku a takardarka. A na farko ka rubuta abin da fim ya samu a Amurka a ƙarshen makonsa na farko, wato daga Juma'a zuwa Lahadi. A na biyu ka rubuta yawan faɗuwar da ya yi a ƙarshen mako na biyu. A na uku ka rubuta jimillar abin da ya samu a Amurka har aka cire shi daga sinima. Daga nan sai ka raba lamba ta uku da ta farko. Hausawa suna cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma a wannan harka Juma'a ta biyu ce take faɗin gaskiya, domin ta farko talla da zumuɗin masoya ne suke cika ta, ta biyu kuwa ba abin da yake cika ta sai abin da waɗanda suka kalla suka je suka faɗa wa 'yan uwa da abokai.

Ka gwada wannan da finafinai biyu da suka fito a shekara ɗaya daga kamfani ɗaya. Ant-Man and the Wasp: Quantumania ya fito a Fabrairun 2023 ya buɗe da kimanin dala miliyan 106 a Amurka, abin da ya sa aka fara tafi, amma a mako na biyu ya zube da kusan kashi 70 cikin 100, ya ƙare da kimanin miliyan 214. Idan ka raba, za ka samu biyu da ɗan ɗigo, ma'ana rabin duk abin da fim ɗin zai samu a ƙasar ya shigo ne a kwanaki ukun farko. Guardians of the Galaxy Vol. 3 ya biyo baya a watan Mayu ya buɗe da kimanin miliyan 118, wanda bai yi wa na farkon wani nisa ba, amma faɗuwarsa ta mako na biyu ba ta kai rabi ba, kuma ya ƙare da kusan miliyan 359, wato ninki uku. A duniya baki ɗaya na farkon ya tsaya a wajen miliyan 476, na biyun ya kai wajen miliyan 845. Wanda ya tsaya ga lambar buɗewa zai ce finafinan nan tagwaye ne, alhali ɗaya ya cinye amanar masu kallo ne, ɗayan kuma ya ƙara mata. A taƙaice, ninki uku alama ce ta lafiya, ninki biyu kuwa alama ce ta cewa sunan kamfani ne ya sayar da tikiti, kuma suna kaɗai ba ya jure irin wannan ja na dogon lokaci.

Kusa da wannan akwai makin CinemaScore, wani kamfani da ke tsayar da masu kallo a daren farko a wasu biranen Amurka ya tambaye su yadda suka ga fim, sannan ya ba da maki daga A+ zuwa F. Dole ka karanta makin da lura, domin masu zuwa a daren farko su ne masoya na haƙiƙa, waɗanda ba sa saurin kushewa. Saboda haka makin B, wanda a makaranta abin yabo ne, a nan ƙararrawar gargaɗi ce. Black Panther da Avengers: Endgame sun samu A+, Quantumania ya samu B, Captain America: Brave New World na 2025 kuwa ya sauka har B-. Ra'ayin masu sharhi na jaridu yana da nasa amfani, amma idan ya ci karo da wannan maki a kan batun kuɗi, makin ne yake yawan yin gaskiya.

Bayan ka gama da lambobin fim ɗaya, sai ka ɗaga kai ka dubi wane irin fim ne ya yi nasarar. A ganina nan ne mafi yawan masu hasashe suke ɓacewa. Manyan nasarorin Marvel bayan 2019 sun dogara ne a kan tsofaffin fuskoki: Spider-Man: No Way Home na 2021, wanda ya tara kimanin dala biliyan 1.9, ya dawo da 'yan wasa biyu da suka taɓa sanya rigar wannan sadauki a baya, Deadpool & Wolverine kuma ya dawo da Hugh Jackman, wanda ya fara fitowa a matsayin Wolverine tun shekarar 2000. Da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne, sai dai tulun yana da ƙasa, kuma ba a iya dawo da mutum ɗaya sau uku a ci gaba da kiran abin mamaki. Lafiyar jerin finafinai ba a manyan tarukan sadaukai ake gane ta ba, domin waɗannan ko yaya suke mutane za su je. Ana gane ta ne a fim na tsakiya, wanda yake ɗauke da sadaukin da ba kowa ya sani ba. A 2014 kamfanin ya ɗauko wata tawaga da ko masu karanta mujallun zane ba su damu da ita sosai ba, har da wata bishiya mai magana, ya yi Guardians of the Galaxy na farko, ya tara fiye da dala miliyan 770. Wannan shi ne ƙarfin da kamfanin yake da shi a lokacin, wato mutane su shiga sinima saboda tambarinsa kawai. Ka kwatanta da Thunderbolts* na 2025, wanda masu sharhi suka yaba, masu kallo ma suka ba shi maki mai kyau, amma bai kai dala miliyan 400 ba. Wannan yana nuna maka cewa idan amana ta tsage, fim mai kyau guda ɗaya ba ya ɗinke ta, kuma ka sa ran sai an jera irinsa da dama kafin mai kallo na gama-gari ya dawo.

Daga nan ka tambayi kanka nawa ne aikin gida da fim yake ɗora wa mai kallo kafin ya fahimce shi. Daga Iron Man a 2008 zuwa tsakiyar 2019 kamfanin ya fitar da finafinai 23 cikin shekaru goma sha ɗaya, kuma mutum yana iya bin su da zuwa sinima sau biyu ko uku a shekara. Bayan an ƙaddamar da manhajar kallon finafinai ta intanet mai suna Disney+ a Nuwamban 2019, sai bukatar cika ta da kaya ta taso, har ya zama a 2021 da 2022 kaɗai an fitar da finafinai bakwai da shirye-shirye masu dogon zango guda takwas. The Marvels shi ne misalin da ya fi fito da illar hakan fili, domin biyu daga cikin taurarinsa uku sun samu cikakken labarinsu ne a shirye-shiryen manhajar, wato WandaVision da Ms. Marvel, don haka wanda bai kalle su ba ya ji kamar an gayyace shi biki a gidan da bai san kowa ba. Fim ɗin da The Marvels ya ci gaba da labarinsa, Captain Marvel na 2019, ya haura dala biliyan ɗaya. Bob Iger, wanda ya dawo shugabancin Disney a Nuwamban 2022, ya bayyana a watan Mayun 2024 cewa za a rage yawan finafinan Marvel zuwa biyu ko uku a shekara, a kuma rage shirye-shiryen manhajar. Abin da za ka sa wa ido shi ne ko an cika wannan alkawari, kuma hanya mafi sauƙi ta gwadawa ita ce ka tambayi wani da bai bi jerin ba ko ya gane labarin sabon fim ba tare da an yi masa bayani ba.

Game da sanarwar finafinai masu zuwa, shawarata ita ce ka rubuta su da fensir. Kowace shekara a taron Comic-Con na birnin San Diyego kamfanoni sukan haska jadawali a babban allo, da tambari da ranakun fita, masoya su yi ta ihu, amma jadawalin buri ne kawai. An sanar da Blade a 2019, aka sanya masa rana, aka ɗage ta sau da dama, daga baya aka cire shi daga jadawali a 2024. An sanar da Avengers: The Kang Dynasty a 2022, amma bayan kamfanin ya rabu da ɗan wasan da aka gina labarin a kansa a Disamban 2023, sakamakon hukuncin wata kotu, sai aka sauya akalar baki ɗaya, aka sanar a Yulin 2024 cewa Robert Downey Jr., wanda ya fito a matsayin Iron Man a baya, zai dawo a matsayin mugu a labarin, mai suna Doctor Doom, tare da daraktocin Endgame, wato 'yan uwan nan biyu Anthony da Joe Russo. Shi ma sabon fim ɗin, Avengers: Doomsday, an fara sanya masa watan Mayun 2026, sannan aka ɗage shi zuwa Disamba. Kada ka ƙirga fim a lissafinka sai ka ji an fara ɗauka. Ɗagewa sau ɗaya ba abin tsoro ba ce, musamman idan akwai dalili bayyananne kamar yajin aikin marubuta da na 'yan wasan Holiwud a 2023, wanda ya girgiza jadawalin kowa. Amma idan ka ga an sauya darakta, an sauya marubuci, an kuma koma sake ɗaukar manyan ɓangarori bayan an gama, to ruwa ba ya tsami banza.

Wani abu da mai kallo ba ya gani a allo, amma yake yanke wa labari hukunci, shi ne haƙƙin mallaka. Kamfanin Marvel ya shiga halin fatara a ƙarshen 1996, kuma a cikin shekarun 1990 ya sayar da izinin yin fim da wasu fitattun sadaukansa: X-Men suka tafi kamfanin Fox, Spider-Man ya tafi kamfanin Sony. Abin da ya rage a hannunsa ne ya jingina a 2005 ya karɓi bashin dala miliyan 525 domin ya fara shirya finafinai da kansa, kafin Disney ta saye shi a 2009 kan kimanin dala biliyan 4. Da Disney ta kammala sayen Fox a Maris na 2019 kan dala biliyan 71.3, sai X-Men da Fantastic Four suka dawo gida, kuma wannan ita ce babbar ajiyar da kamfanin bai gama buɗewa ba. Spider-Man kuwa har yanzu aro ne: yarjejeniyar 2015 ce ta ba shi damar shiga cikin jerin, ta tsinke na ɗan lokaci a 2019 sannan aka gyara ta. Don haka idan ka ga fim ɗinsa ya yi nasara, ka tuna cewa Sony ce take rarraba shi, kuma kaso mai tsoka nata ne. Duk hasashen da bai tambayi wa yake da wane sadauki ba, kuma har zuwa yaushe, hasashe ne da aka gina a kan yashi.

Kasuwar waje tana bukatar layi na huɗu a takardarka. Endgame ya samu fiye da dala miliyan 600 a ƙasar Sin kaɗai daga cikin kusan biliyan 2.8 da ya tara, amma daga tsakiyar 2019 har zuwa Fabrairun 2023 ba a haska sabon fim ɗin Marvel a sinimomin ƙasar ba, kuma da suka koma ba su sake kusantar waccan lamba ba. Ke nan kwatanta fim na yau da na 2019 ba tare da cire wannan giɓi ba zalunci ne ga lissafi.

Yana da kyau kuma ka riƙa leƙa gidan maƙwabci, domin ka bambance ciwon kamfani ɗaya da ciwon nau'in fim gaba ɗaya. Idan finafinan DC, waɗanda Warner Bros. take shiryawa, suna faɗuwa tare da na Marvel, to wataƙila mutane sun fara gajiya da sadaukai ne, kamar yadda Steven Spielberg ya yi hasashe a 2015 cewa wata rana za su bi sawun finafinan kaboyi. Idan kuwa ɗaya yana tashi ɗaya yana faɗuwa, laifin na masu shiryawa ne. The Flash na DC ya tsaya a wajen dala miliyan 270 a 2023, shekarar da ta yi wa gidajen biyu zafi. Superman na Yulin 2025 kuwa, fim na farko na DC da James Gunn ya ba da umarni bayan shi da Peter Safran sun karɓi ragamar DC Studios a 2022, ya haura miliyan 600, The Fantastic Four: First Steps na Marvel kuma, wanda shi ma ya fito a wannan watan, ya haura miliyan 500. Waɗannan lambobi ba na mutuwa ba ne, amma kuma ba irin na 2018 da 2019 ba ne, lokacin da biliyan ɗaya ta zama kamar abin da aka saba. Karatun da nake yi musu shi ne rufin ya sauko, kuma kamfanin da ya ci gaba da kashe kuɗi kamar rufin yana inda yake a da shi ne zai sha wuya.

Kada kuma ka manta cewa tikiti ba shi ne kaɗai hanyar samun kuɗi ba, domin akwai kayan wasan yara da tufafi da wasannin kwamfuta da wuraren shaƙatawa, kamar sashen Avengers Campus da Disney ta buɗe a Kalifoniya a 2021. Wannan ne ya sa kamfanin ba zai rufe jerin ba don finafinai biyu ko uku sun yi asara. Abin da zai yi shi ne ya rage yawa, ya rage kasafi, ya koma ga sunayen da ya tabbata suna sayarwa.

Idan ka haɗa waɗannan duka, ga yadda za ka yi amfani da su a manyan finafinan Avengers guda biyu da aka sanar, wato Doomsday da Secret Wars, wanda aka sanya wa Disamban 2027. Kada lambar buɗewarsu ta ruɗe ka, kuma ka tuna cewa finafinan Disamba sukan jima suna samun kuɗi saboda hutun ƙarshen shekara, don haka ninkinsu yakan fi na bazara yawa, sai ka kwatanta su da No Way Home, wanda shi ma a Disamba ya fito. Sannan ka ajiye takardarka ka jira fim na farko da zai biyo bayansu ɗauke da sababbin 'yan wasa, musamman sabon zubin X-Men. Ranar Litinin ta biyu bayan fitarsa ka buɗe shafin alƙaluma, ka rubuta yawan faɗuwarsa kusa da ta Quantumania da ta Guardians na uku, ka ga wanne daga cikin biyun ya fi kusanta.